Goshin jirgin ruwa na fasinja: tambayoyi da amsoshi kan siffarsa da gyaran da ake yi masa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwata ranar kasuwa, a Yawuri ko Malale ko Lakwaja, ya ga jirage a jere kowanne da irin goshinsa. Wani siriri kamar tsinin mashi, wani a ɗage sama kamar wuyan raƙumi, wani faffaɗa a yanke kamar bakin shebur. Da yawa muna ɗauka ado ne kawai, ko al'adar maƙeran garin. Akwai adon, amma kowace siffa yarjejeniya ce da maƙeri ya ƙulla da wani irin ruwa, da wani gudu, da wani nauyin kaya. Ranar da aka sauya ɗaya daga cikin ukun nan ba tare da an sake lissafi ba, yarjejeniyar ta warware. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Ina ne goshin jirgi, kuma mene ne aikinsa?

Goshi shi ne gaban jirgi, daga tsininsa har zuwa inda cikin jirgin ya gama buɗewa. Wasu kan ce hanci. Ayyuka uku ke kansa, kuma ukun ba sa jituwa. Na farko ya raba ruwa ba tare da ya cinye ƙarfin inji ba. Na biyu ya hau kan igiyar ruwa maimakon ya nutsa cikinta. Na uku ya sha karo, domin duk abin da jirgi zai buga, yashi ne ko kututture ko wani jirgin, goshi ne ke fara gaisawa da shi. Goshin da ya ƙware a aiki na farko yakan yi rauni a na biyu, shi ya sa ba a taɓa samun siffa ɗaya da ta gamsar da kowa ba.

To ba siririn goshi ne ya fi ba, tunda shi ke yanka ruwa?

Wajen gudu a ruwa mai kwanciya, haka ne, kuma kakanninmu sun san wannan tun kafin a san ƙarfe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Da aka tono shi a 1994 aka auna, tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kuma kimanin 8,000. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda aka feƙe goshinsa da bayansa, aikin hannun da ya riga ya daɗe yana sassaƙa.

Matsalar siririn goshi ita ce ba shi da ciki. Abin da ke ɗaga jirgi a kan ruwa shi ne yawan ruwan da jikinsa ya ture, kuma siririn goshi kaɗan yake turewa. Idan igiya ta taso, maimakon ta ɗaga shi sai ya soke ta, ruwa ya zubo ta sama. Idan kuma aka jibge masa buhuna biyar, nan take zai sunkuya, alhali buhunan nan biyar a tsakiyar jirgi da ƙyar za a ga alamarsu. Faffaɗan goshi kuwa yana ɗaukar kaya, yana hawan igiya, amma yana tura ruwa a gabansa kamar garma, ya sha mai, kuma idan ruwa ya hautsine yakan riƙa marin igiya har fasinja ya ji a ƙashin bayansa.

Wani injiniya Baturen Ingila, William Froude, shi ya fara auna wannan da kyau. Ya riƙa jan ƙananan samfuran jirage a cikin wani dogon kwarmin ruwa da aka gina masa a garin Torquay a farkon shekarun 1870. Ya gano cewa ƙarfin inji kashi biyu yake tafiya: gogayyar ruwa da jikin jirgi, da kuma igiyar da jirgin ke tayarwa da kansa. Kashi na biyun nan ne siffar goshi ke iya ragewa ko ƙarawa. Har yau kafin a ƙera babban jirgin fasinja sai an ja samfurinsa a irin wannan kwarmi.

Me ya sa goshin jiragen kogi ya bambanta da na teku?

Saboda ruwan ba ɗaya ba ne. Dogayen jiragen katako na Mopti a Mali, waɗanda aka saba ƙerawa da itacen maɗaci, goshinsu dogo ne, yana tashi sannu a hankali daga ruwa, ƙasansa a shafe. An yi shi ne don ya hau gaɓa: matuƙi ya kashe inji, jirgi ya silale kan yashi, fasinja su sauka ta goshi ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Haka yawancin jiragenmu na kogin Kwara da Binuwai suke, tunda mafi yawan inda suke tsayawa babu gadar sauka, gaɓa ce kawai. Masuntan Senegal kuwa kullum sai sun keta manyan igiyoyin bakin tekun Atlantika kafin su fita, don haka jiragensu suna da wani dogon tsini da ya fito gaba da baya. Buduma na tafkin Chadi da ciyawar ruwa suke ɗaure nasu, goshin a lanƙwashe sama don ya ratsa cikin ciyayi.

Inda abin ke damuna shi ne tafkunan da aka yi da madatsa. An kammala Akosombo a Ghana a 1965, Kainji a 1968. Kogi ya zama tafki mai faɗi, na Kainji tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma a irin wannan sarari iskar hadari tana samun filin tayar da igiyar da kogi bai taɓa sani ba. Amma siffar jiragen ba ta sauya sosai ba. Goshin kogi ne, wanda aka gada don ruwa mai kwanciya, aka ƙara masa tsawo da inji aka sake shi a ruwan da wani lokaci halin teku gare shi. Ga kuma itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, kututturansu na nan a ƙasa suna jira.

Mene ne ƙullutun nan da ake gani a ƙasan goshin manyan jirage?

Wanda ya ga hoton babban jirgi a wurin gyara, an janye ruwa, zai lura da wani ƙaton ƙullutu da ya fito gaba a ƙasan goshi kamar tulu a kwance. Mutane kan zaci na karo ne. Na rage shan mai ne.

Ga yadda yake aiki. Goshi yana tayar da igiya a gabansa. Ƙullutun, da yake ya riga goshin isa, shi ma yana tayar da tasa igiyar. Idan an daidaita tsawonsa da girmansa, kwarin igiyar ƙullutu sai ya faɗo daidai inda tudun igiyar goshi zai tashi, tudu ya cike kwari, ruwa ya kwanta. Ƙarfin da da zai tafi wajen tayar da igiya sai ya koma tura jirgi. A jirgin da abin ya dace da shi ana rage mai da kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, kuma ga jirgin da ke ƙona tan-tan na mai a yini wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

David Taylor na rundunar ruwan Amurka ne ya sa shi a jirgin yaƙi Delaware da ya fara aiki a 1910. A jiragen fasinja kuwa Jamusawa suka fito da shi fili: Bremen, a tafiyarsa ta farko a 1929, ya ƙwace kambun gudun tsallaka Atlantika daga hannun Mauretania na Ingila, yana yin kusan kilomita 52 a awa. Sai Normandie na Faransa a 1935, wanda Vladimir Yourkevitch, ɗan Rasha mai gudun hijira, ya zana gangar jikinsa. Goshin Normandie siriri ne a daidai fuskar ruwa, da ƙullutu a ƙasa, sannan ya buɗe sosai a sama, kuma ya yi gudu kafaɗa da kafaɗa da Queen Mary na Ingila da ƙarfin inji ƙasa da nasa. Babban ƙullutu irin na yau kuma aikin Farfesa Takao Inui ne na Jami'ar Tokyo, a shekarun 1950 da 1960.

Sai dai yana da sharaɗi mai tsauri. Gudu ɗaya da zurfin zama ɗaya aka auna shi a kai. Idan jirgi ya rage gudu sosai, ko kaya suka ragu ƙullutun ya leƙo waje, igiyoyin biyu ba sa haɗuwa inda ya kamata, sai abin ya zama kaya. Da mai ya yi tsada kamfanonin dakon kaya suka koma tafiya a hankali, kamfanin Maersk sai da ya yanke ƙullutun wasu jiragensa ya sa waɗanda suka dace da sabon gudun.

Za a iya yi wa jirgin katako ko na fiba irin wannan ƙullutu?

Kada a soma. Jirginmu yau ya cika maƙil, gobe ya dawo wayam, don haka zurfin zamansa ba ɗaya ba ne. Da goshi yake hawa gaɓa, ƙullutu zai tokare shi. Zai kwashi kainuwa da kacalla da komar masunta, kuma shi kututture zai fara samu. Ribar ta manyan jirage ce masu doguwar tafiya a ruwa mai zurfi da gudu ɗaya.

Na sa wa jirgina babban inji, goshi ya ɗaga sama amma gudu bai ƙaru sosai ba. Gyaran goshi zai magance?

Da wuya. Jirgi mai nauyi da ke ratsa ruwa, ba mai silalewa a samansa ba, yana da iyakar da tsawonsa ya yanka masa. Yana ƙara gudu igiyar da yake tayarwa tana ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa: tudu ɗaya a goshi, ɗaya a baya. Daga nan duk wutar da aka ƙara, bayan jirgin faɗawa yake cikin kwari, goshi ya kalli sama, jirgi ya koma mai hawan tudun da shi ya tara wa kansa. Lissafin kusan haka yake: jirgi mai tsawon mita 9 a fuskar ruwa, kilomita 13 zuwa 14 a awa, mai mita 16, kilomita 18, mai mita 25, kilomita 22 da ɗoriya. Dogo siriri marar nauyi yakan ɗan wuce haka, mai ciki da lodi kuwa ko kaiwa ba ya yi cikin sauƙi.

Wanda ya cire inji mai doki 40 ya ɗaura mai 75 a jirgi ɗaya, yawancin abin da ya saya ƙarar inji ce da shan mai da manyan igiyoyi da ke jijjiga ƙananan kwalekwale a gefe. Abin da ya fi muni shi ne maganin da ake yi wa ɗagawar goshin: a tura mutane ko buhuna gaba don su danne shi. Yana tafiya lafiya muddin inji na ja. Da matuƙi ya saki wuta farat ɗaya, ko inji ya mutu, goshin da aka danne sai ya dulmiya, igiyar da ke biye da jirgi kuma ta taso ta baya.

Me ya sa saman goshi ke buɗewa waje, kuma me ya sa wasu sababbin jirage suka daina haka?

Buɗewar nan, irin ta bakin ƙwarya, aiki biyu take yi. Tana watsar da feshin ruwa gefe, kuma duk sa'ad da goshi ya nutsa cikin igiya yana tarar da faɗin da ke ƙaruwa, sai ruwa ya maido shi sama. Siriri a ƙasa, buɗaɗɗe a sama: wannan ce sulhun da aka daɗe ana yi tsakanin gudu da tsira. Yarjejeniyar duniya ta 1966 kan layin lodi, wato alamar iyakar nutsewar jirgi idan an loda shi, ma ta ƙayyade mafi ƙarancin tsayin da goshi zai yi sama da ruwa.

A teku abin ba wasa ba ne. A Afrilun 1966 wata ƙatuwar igiya ta haye goshin jirgin Italiya Michelangelo a Atlantika, ta fasa gaban ɗakunan sama, mutum uku suka rasu. Shi ya sa Queen Mary 2, da ya fara aiki a 2004 don zirga-zirga tsakanin Ingila da New York, aka ba shi dogon goshi da katangar karya ruwa a kansa, ɗakunan fasinja kuma aka ja su baya, ko da yake kowane mita na wannan fili kuɗin ɗaki ne aka bari.

Aibin buɗaɗɗen goshi shi ne duka. Idan ya faɗo kan igiya da faɗinsa, jirgi duka sai ya girgiza, dole matuƙi ya rage gudu. Kamfanin Ulstein na ƙasar Norway ya juya abin: goshinsa, da ya sa wa suna X-Bow, baya yake komawa yayin da yake tashi, kamar an kife shi, kuma a rufe yake ruf har sama. Yana shiga igiya a hankali maimakon ya mare ta. An fara shi a jirgin aikin mai Bourbon Orca a 2006, ya iso jiragen fasinja da jirgin Greg Mortimer a 2019, mai kai masu yawon buɗe ido ƙanƙarar kudancin duniya. Jirgin fasinja AIDAprima na 2016 kuma goshinsa a miƙe yake sak, don ya ƙara tsawon jirgi a fuskar ruwa. Amma a lura, duk waɗannan sun yarda ruwa ya hau kansu ne domin babu ƙofar da zai shiga. Maƙerin da ya ga hoto ya kwaikwaya a buɗaɗɗen jirgi, mazurari ya ƙera.

Jiragen da goshinsu ke buɗewa motoci su shiga fa, ba haɗari?

Wannan ita ce tambayar da aka biya amsarta da rayuka mafi yawa. Jirgin fiton motoci yana son mota ta shiga ta baya ta fita ta gaba, don kada a ɓata lokaci. Sai aka huda ƙofa a daidai wurin da ya fi ko'ina shan dukan ruwa, bayan ƙofar kuma aka bar fili fetal daga goshi har baya, babu bango ko ɗaya.

Ranar 6 ga Maris 1987, jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam zai tafi Dover ta Ingila da ƙofofin goshinsa a buɗe. Wanda aikinsa ne rufewa barci ya ɗauke shi a ɗakinsa, kuma daga inda kyaftin yake ba a ganin ƙofar, babu ko fitilar da za ta nuna an rufe ko ba a rufe ba. Ƙari a kan haka, an cika tankunan gaba da ruwa don goshi ya sunkuya ya yi daidai da gadar lodin tashar, ba a gama zuƙe shi ba aka tashi. Da jirgi ya ɗau gudu, igiyar goshinsa ta haura bakin ƙofa. Cikin kamar daƙiƙa 90 ya kwanta a gefe. Mutum 193 suka mutu, ga gari ana hangowa.

Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa a faffaɗan daro ta san dalilin wannan sauri. Ruwa a tulu zaune yake, amma a daro da ka ɗan karkata sai duk ya ruga gefe ɗaya ya ƙarasa karkatar da kai. Shi ya sa ake jefa ganye ko ƙoƙo a kai. Filin motoci daro ne mai tsawon fiye da mita ɗari.

Shekara bakwai bayan haka, daren 28 ga Satumba 1994, jirgin fiton motoci mai suna Estonia yana kan hanya daga birnin Tallinn zuwa birnin Stockholm cikin iska mai ƙarfi. Goshinsa irin mai ɗagawa sama ne gaba ɗaya kamar murfi, nauyinsa ya haura tan 50. Igiyar da ke dukansa daga ƙasa sama take tura shi, wato ta inda yake buɗewa. Makullan suka karye, murfin ya ɓalle, ya fizgo gadar motoci da ke bayansa. Cikin mutum 989, 852 suka rasu.

Bayan nan aka sauya abubuwa da yawa. Wasu kamfanoni suka like murafan goshi da walda. Sababbin jirage suka fi karkata ga ƙofa mai ɓari biyu da ke buɗewa gefe, wadda dukan ruwa ƙara matse ta yake yi. Aka wajabta fitilu da kyamara a ɗakin tuƙi, da wata ƙofar ta biyu a ciki, nesa da ta waje. Ƙasashen arewa maso yammacin Turai kuma suka amince a Stockholm a 1996 cewa irin wannan jirgi dole ya iya tsayawa ko da ruwa ya kai rabin mita a filin motoci.

Akwai jirgi mai goshi biyu?

Akwai, kuma dabara ce mai kyau ga gajeren fito. Gaba da baya iri ɗaya, kowane gefe da abin tuƙinsa, jirgi ba ya juyawa. Haka na Star Ferry a Hong Kong da na tsibirin Staten a New York suke, haka na Likoni a Mombasa.

Ana iya cire wa jirgi goshi a sa masa wani?

An sha yi. A Maris 1907 jirgin Suevic, yana dawowa daga Ostireliya, ya hau duwatsu cikin hazo a gaɓar Cornwall ta Ingila. An ceto duk mutanen da ke ciki. Goshin ya maƙale ba ya fita, sai aka sa nakiya aka datse shi, sauran jirgin ya tafi Southampton da baya-baya da injinsa. Kamfanin Harland and Wolff ya ƙera sabon goshi a Belfast, aka jawo shi aka haɗa, jirgin ya koma aiki a farkon 1908. A 1934 kuma Jamusawa suka ƙara wa jirgin Albert Ballin tsawo ta goshi, shi da 'yan'uwansa uku, don su ƙara gudu.

Abin lura shi ne duk wannan da zane da lissafi aka yi. Goshi ba hula ba ne da za a cire a sa wata. Ƙara masa tsayi nauyi ne a sama, kuma bango ne da iska za ta tura. Ƙara masa tsawo yana sauya inda jirgi ke daidaita, yana kuma ƙara wa tsakiyarsa wahala, domin idan goshi da baya suka hau igiya biyu, tsakiya ce ke rataye da kayan. Jirgin Sewol na Koriya ta Kudu an ƙara masa ɗakuna a sama, aka ce sai ya rage kaya, ba a rage ba. Ya kife ranar 16 ga Afrilu 2014 da rayuka 304, yawancinsu 'yan makaranta.

A wajenmu gyaran da aka fi yi shi ne a ƙara layin katako ɗaya ko biyu a gefe da goshi don jirgi ya ƙara ɗauka. Na tsaya na kalli ana yin sa: an kafa sabon katako a kan tsoho da ƙusoshi, an cusa auduga da tsumma a tsagar, an shafe da kwalta, an bi da falle-fallen kwano. Aikin ya yi kyau a ido. Amma haƙarƙarin jirgin na da ne, ƙasansa na da ne, kuma tsagar da jiya take sama da ruwa yau ita ke cikin ruwa. Idan za a yi, a ƙara tsayin goshi don tare igiya, layin lodi kuma ya tsaya inda yake.

Wane gyara ɗaya ne ya fi cancanta a yi wa jiragenmu?

Bango a bayan goshi. A ganina babu kuɗin da mai jirgi zai kashe da ya fi wannan albarka.

Dokar teku ta duniya ta wajabta wa manyan jirage wani bango da ruwa ba ya ratsawa, a ɗan bayan tsinin goshi, wajen kashi 5 cikin ɗari na tsawon jirgi. Idan goshi ya fashe, ɗan ɗakin gaba ne kawai ke cika. A Nuwamban 1879 jirgin Arizona ya yi gaba da gaba da dutsen ƙanƙara a Atlantika, goshinsa ya lotse, bangon ya riƙe, ya kai kansa tashar St John's. A Yulin 1956 wani jirgi mai suna Stockholm ya soki jirgin Andrea Doria a gefe kusa da gaɓar Amurka. Andrea Doria ya nutse, Stockholm kuwa, duk da goshinsa ya ragargaje, ya koma New York da injinsa aka yi masa sabo.

Yanzu a dubi namu. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, jirgin da ya ɗauko masu dawowa daga biki da dare ya bugi itace a cikin ruwa ya dare, mutum fiye da ɗari suka rasu. A Mayun 2021 wani ya tarwatse kusa da Warra a jihar Kebbi da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan suka fita. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba na cewa bango kaɗai zai tsirar da jirgin da aka yi wa lodin da ya ninka ƙarfinsa. Amma jirginmu na katako ɗaki ɗaya ne daga goshi har baya, huda ɗaya ta ishe shi. Bango mai ƙwari kamar mita ɗaya da rabi daga tsini, a toshe shi da kyau, a rufe samansa da katako, a cika cikinsa da jarkokin roba wofi masu murfi a ɗaure su tam, a ƙarfafa ƙashin goshin da ƙarfe: wannan aikin kwana biyu ne ga maƙeri. Ribarsa ta biyu ita ce wurin da aka rufe ba a iya zuba masa kaya.

Tunda ana kiran a koma jiragen fiba, ba shi ke nan ba?

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, da ma'aikatar da ke samanta suna ta kiran a bar katako a koma fiba da alminiyam. Jirgin fiba yana da abin yabo: ba shi da tsaga, ana iya zuba masa goshi mai tsini a ƙasa da buɗewa a sama yadda katako ba ya lanƙwasuwa, kuma ana iya gina masa ɗakunan iska a jiki. Sai dai fiba ba ya son gurzar yashi da dutse kullum, don haka mai hawa gaɓa da goshi sai ya sa masa takalmin ƙarfe. Marar ɗakin iska ko soso a jiki kuma, idan ya cika da ruwa ga nauyin inji, ƙasa yake yi. A tambayi mai sayarwa ya nuna inda ɗakunan suke kafin a biya.

Ni fasinja ne kawai. Me zan duba kafin in shiga?

Ka tsaya daga gefe ka kalli jirgin bayan an gama lodi, ba kafin ba. Goshi ya kamata ya fi ko'ina nisa da ruwa. Idan ka ga ya yi daidai da tsakiya, ko ya fi baya nutsewa, an danne shi. Ka duba ko akwai babura ko buhuna a can gaba, ka duba ƙashin goshin ko akwai sabon faci a kan tsohon faci, ka leƙa ƙasa ka ga yawan ruwan da ke kwance. Durom ɗaya na ruwa kilo 200 ne, nauyin manya uku, kuma su ukun nan ba sa zama wuri ɗaya.

Wata ranar kasuwa na shiga wani jirgi da aka tara wa buhunan masara a goshi har sun kai ƙirjin mutum. Muna fita sarari iska ta taso, igiya ta fara leƙowa ta kan buhunan, wani yaro yana ta kwarfa da yankakkiyar jarka ba ya ko ɗaga kai. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗaga murya ta ce wa matuƙin, "Ɗan nan, ka dubi girman Allah ka rage wuta, a maido da buhunan nan tsakiya." Ya ce, "To, Inna." Ya sassauta a hankali, maza huɗu suka miƙa wa juna buhu shida zuwa tsakiya, goshi ya tashi kamar taƙi guda, ruwan ya daina shigowa.

Idan an kusa gaɓa kuma ka zauna inda kake har jirgi ya tsaya cak, domin tururuwar da ake yi zuwa goshi don rigen sauka tana iya dulmiyar da shi a ruwan da ya fi tsayin mutum. Ka nemi rigar ruwa ka ɗaura ta tun kana kan tudu. Idan rana ta faɗi, ka kwana a garin: matuƙin da ya fi kowa sanin ruwan ma ba ya ganin kututture a gaban goshinsa cikin duhu.